Emmi Whitehorse: me ya sa aka daɗe ba a waiwayi zanen 'yar Navajo ba?

A watan Afrilun 2024 aka buɗe bikin baje kolin zane-zane na birnin Venis da ke Italiya karo na 60. Shi ne taron da masu wannan sana'a suke ɗauka a matsayin mafi girma a duniya, ana yin sa duk bayan shekara biyu. Cikin masu fasaha sama da 300 da aka gayyata zuwa babban zauren akwai wata dattijuwa daga jihar New Mexico ta Amurka, Emmi Whitehorse, 'yar ƙabilar Navajo. Mujallun fasaha suka yi ta rubutu a kanta kamar yanzu aka gano ta, alhali ta haura shekara 40 tana wannan aiki, kuma salon da aka yaba a Venis ta daɗe da kama shi. Matar dai ba ta sauya hanya ba. Masu riƙe da ƙofa ne suka sauya ma'auninsu, kuma wannan ma'auni shi ya kamata a bincika, domin shi ya tsare ta a waje tun farko.

An haife ta a 1957 a Crownpoint, wani ƙaramin gari a gabashin ƙasar Navajo. Navajo, waɗanda suke kiran kansu Diné, suna daga cikin 'yan asalin nahiyar da Turawa suka tarar suka laƙaba wa suna Indiyawa. Yankinsu ya ratsa jihohi uku, Arizona da New Mexico da Utah, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 70,000, kuma mutanen da ke cikin rajistar ƙabilar sun kusa 400,000. Ƙasa ce busasshiya mai jan dutse da fili fetal. Whitehorse ta tashi a gidan makiyaya tumaki inda Navajanci kaɗai ake yi, kakarta kuma masaƙiya ce.

Tumaki da saƙa ba ƙananan abubuwa ba ne a tarihin mutanen nan. A 1864 sojojin Amurka suka ƙone musu gonaki, suka karkashe dabbobinsu, suka tasa ƙeyar mutum fiye da 8,000 a ƙasa, tafiyar ɗaruruwan kilomita, zuwa wani sansani da ake kira Bosque Redondo. Yunwa da cuta suka ci da yawa a can. Sai a 1868 aka ƙulla yarjejeniyar da ta ba su damar komawa wani ɓangare na ƙasarsu, suka sake tara garke daga 'yan tumakin da aka raba musu. A shekarun 1930 kuma gwamnati ta dawo ta ce dabbobin sun yi wa ƙasar yawa, ta tilasta rage su, aka yanka wasu aka bar su suna ruɓewa a fili. Wannan ya fi taɓa mata, domin a al'adar Navajo ɗa dangin uwarsa yake bi, kuma galibi garken tumaki na mata ne. Mace ce take sausaye gashin, ta kaɗa zare, ta rina, ta kafa masaƙa. Yarinyar da ta girma a irin wannan gida ta ga yadda ake jera launi kusa da launi tun kafin ta taka ƙofar makaranta. Ita kanta Whitehorse ta sha danganta idonta na launi da saƙar kakarta.

To amma a lissafin manyan gidajen adana zane na Amurka, abin da kakar take yi sana'ar hannu ce, ba fasaha ba. Dardumar Navajo ta gidan tarihin al'adu ce, kusa da kwari da baka da tukwane, ba a rubuta sunan wadda ta saƙa ta. Hatta fasalin dardumar ba a bar wa masaƙa su kaɗai ba. 'Yan kasuwa Turawa da suka kafa kantuna a ƙasar Navajo a ƙarshen ƙarni na 19, irin su Lorenzo Hubbell a Ganado da J. B. Moore a Crystal, su suke faɗin irin adon da zai sayu a biranen gabas, har Moore ya buga kundin talla yana nuna samfuri don mai saye ya zaɓa. Tun daga nan aka kafa al'adar da ta daɗe: bare ne yake faɗin abin da ya cancanci a kira na Navajo na gaskiya.

Da aka zo kan zanen fenti ma haka aka yi. A 1932 wata malama Baturiya, Dorothy Dunn, ta buɗe ɗakin koyar da zane a makarantar 'yan asalin ƙasa da ke Santa Fe. Niyyarta mai kyau ce, tana son yaran su daraja al'adunsu a lokacin da makarantun kwana na gwamnati suke dukan yaro don ya yi harshen uwarsa. Sai dai ta tsayar musu da salo guda: launi shimfiɗaɗɗe ba inuwa, zagaye da layi mai tsabta, ba nisa ba kusa, abin da za a zana kuwa rawar gargajiya ne ko barewa ko mahayin doki ko mace a gaban masaƙa. Ɗalibanta na Navajo irin su Harrison Begay da Gerald Nailor sun yi ayyuka masu kyau ƙwarai a wannan salo, ban raina su ba. Matsalar ita ce kasuwa ta karɓi salon ta mayar da shi doka. A 1958 gidan zane na Philbrook da ke Tulsa ya ƙi karɓar aikin Oscar Howe, ɗan ƙabilar Dakota, a gasarsa ta shekara, wai bai yi kama da zanen Indiyawa ba. Howe ya rubuta musu wasiƙa mai zafi yana ƙin yarda a tsare su a salo ɗaya har abada kamar yara. Gidan ya sassauta ƙa'idarsa daga baya, kuma a 1962 aka buɗe sabuwar cibiyar fasaha ta 'yan asalin ƙasa a Santa Fe, inda Fritz Scholder da T. C. Cannon suka fasa tsohon ƙwarya. Duk da haka mai saye da ya zo yawon buɗe ido bai canja ba. Gashin tsuntsu yake nema, da doki, da faɗuwar rana.

Akwai wani abu da nake ganin ba a cika lura da shi ba. Mai zanen Navajo da ya fi kowa suna a ƙarni na 20 shi ne R. C. Gorman, wanda ya buɗe nasa kantin zane a Taos a 1968, ya rasu a 2005. Da me ya yi suna? Da zanen matan Navajo: mace zaune, lulluɓe da bargo, fuska a natse. An buga hotunan nan dubbai, sun shiga otal-otal da ofisoshi. Wato duniya ta san macen Navajo sarai a matsayin abin da ake zanawa. A matsayin mai riƙe da alli tana yanke shawarar abin da za a gani kuwa, ba a tanadar mata gurbi ba.

Cikin wannan yanayi Whitehorse ta shiga Jami'ar New Mexico da ke Albuquerque. Ta gama digirin farko a fannin zane a 1980, ta yi na biyu a 1982 a fannin buga zane da ɗab'i, haɗe da tarihin fasaha. Tun tana ɗaliba ta shiga wata ƙungiya mai suna Grey Canyon, wadda Jaune Quick-to-See Smith ta jagoranci kafawa a ƙarshen shekarun 1970. Matasa ne 'yan asalin ƙasa, ciki har da 'yan Navajo irin su Conrad House da Larry Emerson da Paul Willeto, da suka ga cewa idan suka jira a gayyace su za su tsufa suna jira. Suka riƙa neman wuri da kansu suna rataya ayyukansu. Abin da ya haɗa su shi ne ƙin zana abin da ɗan yawon buɗe ido yake so.

Yaya zanen nata yake? Wanda ya tsaya a gabansa karo na farko ba zai ga mutum ba, ba zai ga gida ko dutse da zai nuna da yatsa ba. Zai ga fili ne na launi, wani lokaci ja kamar ƙasar yankinsu, wani lokaci ruwan ɗorawa ko shuɗi mai duhu, launin yana narkewa daga wani zuwa wani kamar hazon hunturu idan rana ta fara huda shi. Sai ido ya zauna tukuna ƙananan abubuwa suke fara fitowa: wani abu kamar ƙwayar iri, kamar kwanson tsiro, kamar ganye ko sawun ƙwaro, da'irori, layuka sirara masu karkarwa, wani lokaci har da lamba ko harafi a juye. Wasu suna kusa, wasu sun nutse can ciki ana hango su da ƙyar. A wasu ayyukanta na shekarun 1980 ana iya tsinkayar surar mace ko tsuntsu suna shawagi, amma a hankali surorin suka janye, tsirrai da haske suka karɓe filin.

Yadda take aikin ma yana da bayani. A kan takarda take yi, ta shimfiɗa ta a kwance maimakon ta jingine ta tsaye. Tana goga alli mai launi da tafin hannunta, ta bi da fentin mai da aka tsinka, ta sake bi da alli da fensir, hawa kan hawa. Tana zagaya takardar, tana juya ta, don haka zanen ba shi da sama ko ƙasa tabbatacce sai an gama. Daga baya ake manna takardar a kan kyallen zane. Makiyayi ya san wannan kallon. Wanda ya yini a fili yana bin tumaki ba ya kallon ƙasa daga taga ɗaya, yana cikinta ne, tana gabansa tana bayansa, kuma abin da yake lura da shi ƙanana ne: wace ciyawa ta tsiro, ina iska ta juya, wane launi gabas ta ɗauka.

A nan ne rashin adalcin ma'aunin yake fitowa fili. A 1941 gidan zanen zamani na New York, wanda ake kira MoMA, ya shirya babban baje koli na fasahar 'yan asalin Amurka, aka kawo masu zanen yashi na Navajo suna yi a gaban jama'a. Jackson Pollock yana cikin waɗanda suka je kallo. Bayan 'yan shekaru ya shimfiɗa kyallensa a ƙasa yana zagaya shi yana zuba fenti, kuma da bakinsa ya kwatanta hanyar tasa da ta masu zanen yashi na yammacin ƙasar. Aka kira shi gwarzon da ya buɗe sabon babi a tarihin zane. Amma idan ɗan Navajo ya yi zanen da ba ya kwaikwayon surar komai, sai a ce ya bar gida ya ari na Turawa. Matan Navajo kuwa sun yi ƙarnuka suna saƙa layi da murabba'i da dala a jikin bargo, ba tare da surar mutum ko dabba ba, tun kafin a haifi Pollock. Mai zane irin Whitehorse sai ta faɗa tsakanin kujeru biyu. Kasuwar kayan Indiyawa tana ganin aikin bai cika Ba'indiye ba, manyan kantunan New York kuma suna ganin sunanta da garinsu sun isa a tura ta sashen al'adu.

Da ta so, da hanya mai sauƙi tana nan. Zanen yashi na Navajo yana da surori masu ɗaukar ido, kuma masu saye suna rububinsu. Sai dai a wurin mutanensa ba ado ba ne. Masu magani ne suke yin sa a cikin bikin warkar da mara lafiya, a gama shi a share shi a ranar. Fitar da shi kasuwa abu ne da ya daɗe yana jawo saɓani a tsakanin Navajo kansu. Alamomin da ke cikin zanen Whitehorse nata ne, daga abin da ta gani ta tuna, ba ta kwaso su daga wurin ibada ba. Abin da ta ɗauko daga gida shi ne fahimtar da suke kira hózhó, wato daidaito da kyau da zaman lafiya tsakanin mutum da ƙasa da duk abin da ke kanta. Ina ganin wannan zaɓi ya jinkirta mata kasuwa, kuma ina ganin shi ne ya sa aikin bai tsufa ba.

Kada a ɗauka an yi watsi da ita gaba ɗaya. Gidan Wheelwright da ke Santa Fe ya yi baje kolin ayyukanta na shekara goma a 1991. An nuna ta a Tucson da Omaha, an nuna ta a Jamus, kuma gidaje irin su Heard da ke Phoenix da gidan zane na Denver da na Brooklyn sun mallaki ayyukanta. Ta rayu da sana'arta, wanda ba kowane mai zane yake samu ba. Amma yawancin wannan daraja ta yanki ce, ko kuma ta sashen 'yan asalin ƙasa. Akwai bambanci tsakanin a san ka a kudu maso yammacin Amurka da a sa ka cikin labarin zanen Amurka da ake koya wa ɗalibai.

Wasu sun yi mata wani ƙorafin daga ɗaya ɓangaren, kuma ya cancanci a saurare shi. Tsararrakinta da dama sun mayar da zane makamin faɗa. Jaune Quick-to-See Smith tana manna guntayen jarida da taswira a jikin aikinta tana tone ƙwacen ƙasa da wariya ƙarara. Kusa da irin wannan, zanen Whitehorse shiru ne, har mutum ya ce ta kau da kai. Ga shi kuwa garinsu yana tsakiyar bala'i. A ranar 16 ga Yulin 1979 madatsar dagwalon wata masana'antar yuraniyom ta fashe a Church Rock, kusa da Gallup, galan sama da miliyan 90 na gurɓataccen ruwa ya kwarara cikin kogin Puerco inda mutane suke shayar da dabbobi. Har yau akwai ramukan haƙar yuraniyom fiye da 500 da aka yi watsi da su a ƙasar Navajo. Mutanen Crownpoint sun yi shekaru suna shari'a don hana sabon haƙa kusa da ruwan shansu, kuma a 2005 majalisar Navajo ta haramta haƙar baki ɗaya. Mai karatu daga Arlit, garin haƙar yuraniyom a Nijar, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da wannan ƙarfe yake bari a baya.

Amsata ga ƙorafin ita ce, wanda yake so ya lalata wuri yakan fara da cewa ba komai a wurin, hamada ce kawai. Da wannan hujja aka haƙa ramukan. Zanen da ya tilasta maka ka tsaya minti goma kana gano iri da saiwa da ƙwaro a cikin abin da ka zaci fanko ne yana rushe hujjar daga tushe. Kuma ba kullum take yin shiru ba. A 2015 ta yi wani babban aiki mai fanni uku, Outset, Launching, Progression, kan haƙar mai da iskar gas ta hanyar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa a yankinsu, aikin da gidan Crystal Bridges na jihar Arkansas ya nuna. Batun ma ba mai sauƙi ba ne a cikin gida. Da gwamnatin tarayya ta hana ba da sabon izinin haƙa na shekara 20 a kewayen kufan Chaco da ke New Mexico a 2023, hukumomin Navajo sun nuna adawa, domin akwai iyalai talakawa da kuɗin hayar filayensu ne abincinsu.

Me ya faru ƙofa ta buɗe? Abubuwa ne suka taru. Zanga-zangar Standing Rock ta 2016 kan bututun mai ta dawo da maganar 'yan asalin ƙasa bakin jama'a. A 2019 gidan zane na Minneapolis ya yi baje koli na farko mai girma da aka keɓe wa mata 'yan asalin ƙasa, da ayyukan mata sama da 100. Bayan kisan George Floyd a 2020 gidajen adana zane suka shiga duba rumbunansu, abin da suka gani kuwa abin kunya ne. Babban gidan zane na ƙasa da ke Washington, wanda aka buɗe tun 1941, sai a 2020 ya sayi zanen kyalle na farko daga hannun ɗan asalin ƙasar, aikin Smith. Ba a jima ba ya sayi na Whitehorse mai suna Fog Bank, wanda ta yi a 2020. A 2023 gidan Whitney na New York ya yi wa Smith baje kolin aikin rayuwarta, a shekarar kuma ita ta shirya wa gidan na Washington baje kolin masu fasaha 'yan asalin ƙasa kusan 50. Ƙawar da suka fara tare a Albuquerque ta zama mai riƙe da ƙofa, ta kuma riƙe ta a buɗe har ta rasu a Janairun 2025. Sai ga Venis a 2024, ƙarƙashin Adriano Pedrosa ɗan Birazil, wanda ya cika zauren da mutanen da aka daɗe ana tsallakewa. A bikin ne kuma Jeffrey Gibson ya zama ɗan asalin ƙasa na farko da ya wakilci Amurka shi kaɗai a rumfarta.

Abin da ya fi faranta mini rai a wannan sauyi shi ne ya kai har ga masaƙa. A 2024 an yi wa Melissa Cody baje koli a reshen MoMA da ke Queens, an yi wa D. Y. Begay a gidan tarihin 'yan asalin ƙasa da ke Washington, kuma dardumar da Marilou Schultz ta saƙa a 1994 da fasalin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Intel ta shiga wani baje koli a babban gidan zane na ƙasa. Dukansu matan Navajo ne, kowace da sunanta a bango. Katangar da ta raba Whitehorse da kakarta, wannan mai fasaha waccan mai sana'ar hannu, ta fara tsagewa.

Duk da haka ina da damuwa, kuma ba ƙarama ba ce. Yawancin gayyatar da ake yi mata har yanzu ta rukuni ce: baje kolin 'yan asalin ƙasa, baje kolin mata, baje kolin waɗanda aka manta. Wannan ya fi babu nesa ba kusa ba, amma tsohon ma'aunin ne aka juya. Da an tsare ta a waje saboda asalinta, yanzu ana shigo da ita saboda asalinta, a duka biyun kuma ana iya wucewa ba a kalli takardar ba. Yayi kuma yana wucewa. Siyasar Amurka ta riga ta juya wa shirye-shiryen daidaita wakilci baya tun farkon 2025, kuma gidajen da suke samun kuɗi daga gwamnati sun fara taka-tsantsan. Abin da zai nuna ko darajar ta zauna shi ne a ga Fog Bank rataye a ɗaki ɗaya da ayyukan Agnes Martin, wadda ita ma ta yi shekaru da yawa tana zane a New Mexico, ko na Helen Frankenthaler, a yi musu hukunci da ido ɗaya, a kuma rubuta a littafin ɗalibai cewa zanen da ba ya kwaikwayon sura yana da saiwa a Crownpoint kamar yadda yake da ita a Faris da New York. Gidajen da suka sayi ayyukanta a 'yan shekarun nan su ne za su yanke wannan, ta wurin bangon da suka zaɓa su rataye su da kuma tsawon lokacin da za su bar su a can kafin a mayar da su rumbu.